Cinikin Cikin Tanki

Kwana uku da haihuwar uwargida, tankin gidanmu ya fara hawaye. Da asubar Laraba na fito da buta zan yi alwala, sai na ji ƙafata ta taka danshi a inda ban san da danshi ba. Na haska fitilar waya. Can ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga bakin famfo, ga wata tsaga siririya kamar silin gashi, ruwa yana tsattsafowa, ya taru ya zama ɗigo, ya faɗi, wani ya biyo bayansa. Na sa yatsa na danne, ya tsaya. Na ɗaga, ya ci gaba. Ina tsugune ina wannan wasan har na ji an tayar da iƙama.

Sai wanda ya zauna a irin unguwarmu ta bayan garin Kano zai san matsayin tanki a gida. Akwai famfo a ƙofar gidana, amma yarana sun taso sun ɗauka turken ɗaure akuya ne, don ba su taɓa ganin ya yi wani aikin ba. Shekara da shekaru muna hannun 'yan ga-ruwa, kullum ina tsaye a bakin layi ina ɗaga hannu kamar mai neman lif, har Allah ya sa na shiga adashi a makarantar da nake koyar da lissafi. Ranar da na kwashi nawa ban zame ko'ina ba sai wurin masu tanki. Baƙi na saya, mai cin lita 2,000. Jarka tamanin ke nan ta lita 25. Akwai wani Alhaji mai burtsatse a layinmu, muka daidaita da shi a kan kuɗin wata, duk sa'ad da aka kawo wuta sai mu ja tiyo ta kan katanga mu cika. Daga ranar tafiyata ma ta canja. Idan na haɗu da ɗan ga-ruwa a lungu har sallama nake masa da murmushi, irin na wanda ya gama biyan bashi.

Akwai wata 'yar magana da ya kamata in faɗa tun yanzu, ko da yake ba na son faɗarta. Lokacin da aka kawo tankin, birkila ya ce a zuba masa dakali na siminti, shafaffe, ya zauna daram. Na tambayi kuɗi, ya faɗa, na yi dariya. Na ɗauko bulo shida da suka yi saura daga ginin banɗaki, na jera su da'ira, na ɗora tankin a kai. Tsakiya kuwa iska ce kawai. Shekara biyu yana zaune lafiya, kuma a cikin shekara biyun nan babu baƙon da ya shigo gidan ban nuna masa dabarar ba.

To, ga haihuwa, ga watan Afrilu, ga Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifin uwargida ce, ita ta zo daga ƙauye don wankan jego, kuma a wurinta wankan jego ba abin wasa ba ne. Tun kafin assalatu ta hura wuta ta ɗora wata tukunya da za ta iya dafa abincin masallaci guda, ruwa ya tafasa, a ɗauko ganyen darbejiya, a yi wanka. Da la'asar a maimaita. Ban da wankan jariri, ban da wankin tsumma, ban da kunun kanwa. Na taɓa aika mata ta bakin uwargida cewa likitoci suna gargaɗi a kan yawan kanwa da ruwan da ya cika zafi, saboda zuciyar mai jego. Amsar da ta dawo min ita ce Gwaggo ta haifi tara, kuma duk taran suna raye, nawa likitan ya haifa? Ban sake ba. Tsakanina da ita dama gaisuwa ce daga nesa, ina durƙushe ina kallon ƙasa, ita kuma tana kallon bango. Duk abin da take so ta gaya min, sai ta ɗaga murya ta gaya wa uwargida ina tsaye a wurin.

"Ke, gaya wa maigidan naki tulun nasa yana yoyo."

Tulu take ce masa. Lita 2,000.

Da hantsin ranar, ina shirin fita, sai na ji kira daga bakin layi: "A liƙe roba! Baho, bokiti, buta!" Wani dattijo ne siriri, da kurfoti a hannu ɗaya yana hayaƙi, da buhu a kafaɗa cike da guntayen robobi kala-kala. Na sa yaro ya kira shi. Ya tsuguna gaban tsagar, ya shafa ta da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashin tankin ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba a kan abin da ya gani.

"Malam, sai an juye ruwan nan tas ya bushe, sannan a yi aiki. Dubu huɗu."

"Dubu huɗu, Baba? A kan wannan 'yar tsagar? Dubu ɗaya."

"Albarka."

"To, da ɗari biyar, don girmanka."

"Albarka, Malam. Tsagar nan da kake gani tafiya take yi. Yau rabin taƙi ce, jibi sai dai ka auna da kamu."

Ni da na shekara goma sha huɗu ina koya wa 'ya'yan mutane riba da faɗuwa, mai yawo da kurfoti zai tsorata ni? Na ce masa ya je, zan neme shi. Ya ɗauki buhunsa ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Har yau idan na tuna yadda ya ja kalmar sa'ar nan sai in ji wani iri.

Bayan magariba na kai ƙara majalisa, teburin mai shayi. Idan kana son ka san yawan masana a ƙasar nan, ka ce wani abu naka ya lalace. Kafin shayina ya huce na samu shawara bakwai. Wani ya ce kwalta, wani ya ce siminti da gishiri, wani ya ce a tauna cingam. Amma wanda ya fi kowa ƙarfin murya shi ne maƙwabcina direba, mai jigilar Kano zuwa Maiduguri. Ya rantse cewa tankin motarsa ya taɓa hujewa bayan Potiskum, ya sayi sabulun wanki ya murza a wurin, har ya shiga Maiduguri ko ɗigo bai zuba ba. Na san ba ƙarya yake yi ba, direbobi suna yin haka. Na sayi sabulu na naira 400, na jiƙa shi ya yi laushi, na cusa a tsagar, na kara baho a ƙasa don kada ko ɗigo ya tafi a banza, na kwanta da farin ciki.

Abin da ni da direba muka manta shi ne, fetur ba ya narkar da sabulu, shi ya sa dabarar take ci a mota. Ruwa kuwa ai aikinsa ke nan tun da aka halicce shi.

Da safe baho ya cika da kumfa har ta yi tozo. Ragon suna, wanda na ɗaure a jikin famfon cikin gida kusa da tankin, ya miƙa wuya cikin dare ya sha ya ƙoshi. Na fito na tarar da shi tsaye, kumfa fari fat a baki, ido ja, Gwaggo a gefe tana tafa hannu tana salati.

"Ke, gaya wa maigidan naki ragon nan ba shi da lafiya. Ba za a yanka wa jikana mai farfaɗiya ba."

Da ƙyar uwargida ta shawo kanta. Ragon ya warware kafin azahar, amma daga ranar ya daina ganina da mutunci. Duk inda na gifta sai ya sunkuyar da kai ya ja da baya taku biyu.

Shawara ta biyu ta wani yaro ce mai gyaran waya: sufagulu da yashi mai laushi, wai idan suka haɗu ƙarfe suke zama. Na sayi biyar, naira 1,000, da salatif na 700 don ƙarin tsaro. Gaskiyarsa, suna zama ƙarfe. Gam ɗin ya kama yashi, ya kama yatsuna biyu na hannun dama, ya kama bakin hannun rigata, ya kama wani tsautsayin kiyashi da ya zo wucewa. Abu ɗaya ne tak a tsakar gidan nan bai kama ba, shi ne tanki. Haka na tafi makaranta ranar Alhamis da manuniya manne da babban yatsa, kamar mai shirin ɗibar gishiri.

A ɗakin malamai, malamin kimiyya ya gan ni ina fama da ƙoƙon shayi, ya tambaya, na ba shi labari. Ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya gyara zama, don shi ma ba ya samun ɗalibi mai saurare kullum. Ya ce robar da ake tankunan nan da ita sunanta foliyetilin, kuma a fuskarta 'yar uwar kakin kyandir ce, santsi gare ta, gam ba ya samun wurin riƙewa.

"Malam, ka taɓa tambayar kanka me ya sa gam ɗin bai manne da murfinsa ba tun daga kamfani? Ai da irin wannan robar ake yin murfin, don an san ba ya kama ta."

Ya ce hanya ɗaya ce, a narkar da ita da zafi, wajen digiri 120 zuwa 130, a cike gurbin da roba irinta. Ya shiga bayanin wata alama mai kusurwa uku da ake bugawa a gindin robobi da lamba a ciki, amma a lokacin an buga ƙararrawa, ni kuma dama na riga na yanke hukunci a zuciyata: mutumin da gidan haya yake, ko randa ba shi da ita, shi zai koya min gyaran tanki?

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, na hau adaidaita sahu sai kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gini. Na ce a raina ko don sunanta ma ya kamata a samu maganin ruwa a can. Wani mai shago ya saurare ni da tausayi irin na wanda ya ga kuɗi suna tafiya da ƙafarsu. Ya ba ni gam ɗin da masu aikin famfo suke haɗa bututu da shi, naira 2,500. Ya kuma ɗauko wani mai haɗi biyu, fari da baƙi, wanda ake cakuɗawa, naira 3,500, ya ce wannan har bulok ɗin inji yana riƙewa. Kuɗin mota zuwa da dawowa 1,200.

A lokacin ruwan tankin ya yi ƙasa sosai, tsakanin yoyo da tukunyar Gwaggo ban san wanda ya fi sha ba. Na juye ragowar a duk wani mazubi da ke gidan, har da kular abinci. Na goge wurin, na shafa na farko, na jira, na kwaɓa na biyu na lafta. Kafin isha ya daskare kamar dutse. Na ƙwanƙwasa da makulli, ya ce ƙwal-ƙwal. Na kira uwargida ta leƙo ta taga da jariri a hannu.

"Kin gani? Dubu huɗu wai."

"Allah ya sa a dace, Malam," in ji ta. Ita ma ta ja kalmar.

Kamar da gayya, ƙarfe goma na dare aka kawo wuta. Na ja tiyo na cika tankin har wuya, ina zagaya shi da fitila, ko gumi babu. Na kwanta ina tsara yadda zan ba da labari a majalisa.

Ni malamin lissafi ne, na san lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Na san lita 2,000 nauyin buhun siminti arba'in ne, kuma duk nauyin nan a ƙasa yake taruwa, daidai inda tsagar take. Na san wannan sarai, ina koyar da shi. Ban dai taɓa zaton lissafi zai biyo ni gida ba.

Wajen ƙarfe biyu na dare na ji ɓas! Sai shaaa. Sai salatin Gwaggo.

Saboda zafi, a tsakar gida take shimfiɗa tabarmarta. Na fito a guje na tarar da ita tsaye a kan turmi, zani a tattare, takalmanta suna iyo sun nufi rariya ɗaya na bin ɗaya. Facin nawa ya ɓalle ɗungurungum kamar ɓawon gyambo, ko alamar ya taɓa zama a wurin babu, tsagar kuwa ta ruga sama ta kai kamu guda cif, kamar yadda dattijon nan ya faɗa, har ranar bai kuskure ba. Ruwa yana feshi kamar an ɓalle madatsar Tiga. Itacen suna ya jiƙe, gindin buhun shinkafa ya jiƙe, rago ya hau kan bulo yana kallona. Na sa tafin hannu biyu na danne tsagar, ruwan ya bi ta gefe ya wanke min fuska. A haka na tsaya har ya ƙare don kansa.

Gwaggo ba ta aiko da saƙo ba a daren nan. Shirun ya fi saƙon ciwo.

Asabar, jajiberin suna. Mai hankali da ya aika a nemo Baba mai liƙi. Ni kuwa da na idar da sallar asuba sai wata hikima ta sauko min. Duk facin da na yi daga waje nake yi, ruwa yana ture shi. Idan daga ciki aka yi, ruwan da kansa zai riƙa danne shi a jikin bango. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa wannan tunanin daidai ne. Na haɗa shi da kalma ɗaya da na tsinta daga bakin malamin kimiyya, wato zafi, na ga aiki ya kammala.

Na kira almajirai biyu muka kwantar da tankin a gefensa, na sa dutse na tokare. Na samo wata karyayyar kujerar roba, na yanko ƙafarta. Na ɗauki wuƙar yankan albasa ta uwargida na ba babban ɗana, na ce ya riƙa sa ta a wutar Gwaggo, in ta yi ja ya miƙo min. Ɗaya daga cikin almajiran ya ce, "Malam, bari ni in shiga, na fi ka ƙanƙanta." Na ce masa aikin na masu ilimi ne. Na tuɓe daga ni sai singileti da gajeren wando, na miƙa hannuwa gaba kamar mai shirin nutso a kududdufi, na shanye ciki, na sulale.

Ana yin tankunan nan baƙi ne da dalili: baƙin yana kare robar daga cin rana, kuma yana hana haske shiga, don kada gansakuka ta fito a cikin ruwa. Dalili ne mai kyau idan kai ruwa ne. Idan mutum ne kai, a Kano, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe sha ɗaya na rana, to ka shiga tanderu ne da ƙafarka. Kafin wuƙar farko ta iso singiletina ta zama tsumman wanki. Na ɗora guntun kujera a kan tsagar na danna wuƙa. Ya narke, ya yi igiya-igiya kamar miyar kuɓewa, ya cika tankin da wani hayaƙi mai kama maƙogwaro, da ya huce na taɓa shi da farce sai ya ɓare ya faɗo a cinyata. Na ce zafin ne bai isa ba. Na ce wa yaro ya bar wuƙar ta yi ja sosai. Ya bar ta. Na danna da ƙarfi, sai na ji hannuna ya tafi babu tangarɗa, sai ga hasken rana ya shigo ta inda da babu taga.

Nan na ce a fita a sha iska tukuna.

Kai ya fita. Kafaɗa ɗaya ta fita. Ta biyu ta ce ba da ita ba. Na koma na juya na gwada ta ƙafa. Ƙafafu suka fita, gwiwa ta fita, aka zo kan tumbi, wanda kwana shida yana taya mai jego shan kunun kanwa da cin ƙauri, ya cije a bakin tankin. Na yunƙura, sai na ji wando yana shirin yin sallama da ni. Daidai lokacin na ji "Salamu alaikum, ina mai jegon?" Matan unguwa ne, sun fi goma, sun zo taya aikin suna. Na janye ƙafafuna ciki da sauri kamar kunkuru, na yi lamo. Na ce in sun shige ɗaki sai in san abin yi.

Ba su shige ba. A tsakar gida suka baje, inuwar tankin ma wasu suka zaɓa, suka fara gyaran shinkafar da na jiƙa, ana ba da labarin ambaliyar jiya, ana tambayar ina maigidan. Gwaggo ta ce, "Yana nan wajen dabarunsa." Ɗana kuwa, ɗan halak, ya ga mata ya gudu waje da wuƙar.

Na daure iya daurewa, amma hayaƙin nan yana maƙogwarona. Tari ya ƙwace min. Wanda bai taɓa tari a cikin tankin da babu ruwa ba bai san muryarsa ba. Abin ya fito kamar gurnanin wani abu daga tsohuwar rijiya. Mata suka watse, farantan shinkafa sama, wata tana a'uziyya, wata tana cewa dama ta faɗa, gidan da ruwa ke fashewa da tsakar dare ba lafiya ba. Rago kuwa, da ya ji muryar da ya sani, ya ga kuma abin yana motsi, ya ja da baya iya tsawon igiyarsa. Na ji ƙarar kofato. Sai dum!

Dutsen tokare ya fice. Tsakar gidana tana da ɗan gangare zuwa rariya, wanda ni na sa a yi don kada ruwa ya kwanta. Tankin ya bi shi. Na ga sama, na ga ƙasa, na ga sama, guntun kujera yana bina yana duka, har muka yi karo da turmi muka tsaya. Da idona ya daina juyawa, sai na ga bakin tankin ya yi duhu. Fuskar Gwaggo ce. Shekara tara da aure, ranar muka fara haɗa ido.

"Gwaggo, ina wuninku?"

"Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

"Da godiya."

Ta miƙe ta gyara mayafi. Kuma Allah da ikonsa, daga can bakin layi sai ga murya: "A liƙe roba! Baho, bokiti, buta!" Ba ta tambayi kowa ba ta aika a kira shi.

Baba ya ajiye kurfoti, ya zagaya tankin a hankali, ya auna tsagar da hannu, ya sa yatsa a sabuwar tagar da na buɗe, sannan ya tsuguna ya leƙo.

"A'a, Malam ne a ciki? Sannu da hutawa."

"Yawwa Baba. Dubu huɗun nan, na amince."

"Ai dubu huɗu kuɗin rabin taƙi ne, ranka ya daɗe. Yanzu kamu ce, ga huji, ga kuma wannan ƙazantar da aka shafa sai na kankare. Dubu bakwai."

"Haba Baba, a duba dai. Biyar."

"Albarka," in ji shi, na kuma ji ya ɗauki kurfotinsa.

Na sha yin ciniki a Kurmi da Kwari da Sabon Gari, kuma duk ƙarfin mai saye a ƙafarsa yake, ya juya ya yi kamar zai tafi. Ni kuwa ina kwance a cikin hajar.

"Na saya! Baba, na saya!"

Ya sa aka kori mata zuwa ɗaki, aka riƙe rago. Ya tambaya ko akwai sabulu a gidan. Uwargida ta miƙo ragowar na direba. Ya shafe bakin tankin da shi, ya ce in miƙo hannu ɗaya da kai tukuna, in kwantar da ɗaya hannun a jikina, in fitar da numfashi duka. Almajirai suka kama, ya ce bismillah, suka ja. Na fito sumul kamar tarwaɗa. Naira 400 ɗin nan dai ba ta tafi a banza ba.

Na zauna a kan bulo, an yafa min zanin gado, ina kallon aikin dubu bakwai. Da farko bai taɓa wuta ba. Ya kankare wurin da wata guntuwar wuƙa har sai da baƙin ya fito sabo yana ƙyalli, ya wanke, ya bar shi ya bushe ƙayau. Ya sa ƙusa a wuta, ya huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar. Na zabura na ce huji kuma? Ya ce, "Tsaga kamar gulma ce, Malam, in ba ka tare bakinta ba gaba take yi." Sannan ya bi tsawonta ya fafe ta ta zama kamar kwari. Ya ɗauki guntun kujerata ya karce da farce, ya ɗan ƙona ya sansana, ya jefar.

"Wannan ba danginsa ba ne. Roba ba ta auren bare."

Ya zazzage buhunsa ya zaɓo wani baƙin yanki na tsohon tanki, ya ƙona gefensa, ya miƙo min in sansana. Warin kyandir. Ya yanka shi siri-siri kamar taliya. Ƙarafansa guda uku ne masu faɗin baki, yana aiki da ɗaya biyu suna cikin gawayi, kuma ba ya bari su yi ja, da ya ɗauko sai ya kara kusa da kuncinsa ya ji. Yana narkar da bangon tankin da taliyar a lokaci guda, yana tura su cikin juna a hankali, taƙi bayan taƙi. Da ya cike kwarin sai ya yanko 'yar ragar ƙarfe irin ta tagar sauro, ya nutsar da ita a cikin robar tana da taushi, ya sake bin kai da wani shafin. Na ɗebo ruwa a kofi zan zuba don ya yi saurin hucewa, ya riƙe min hannu ya ce a bar shi ya huce don kansa. Daga baya, ranar Litinin, malamin kimiyya ya ƙarasa min bayanin da na gudu na bari: lamba 2 da lamba 4 su ne dangin tanki, jarkar man girki ma lamba 2 ce, kujera kuwa galibi lamba 5 ce, ba sa haɗuwa. Baba bai san lamba ko ɗaya ba, da hanci da farce yake karatunsa.

Da ya gama ya karɓi kuɗinsa ya ƙirga sau biyu, sai ya nuna bulo shidan nan da ƙafa.

"Wane ne ya ɗora shi a kan wannan?"

Na ce wani birkila ne.

"Allah ya shirye shi. Gindin tanki so yake ya zauna duka a ƙasa shafaffiya. In aka mayar da shi nan, kafin a yi arba'in za ku sake nemana, kuma ran nan dubu goma ne."

Daga cikin ɗaki na ji uwargida ta yi wani tari da ba na mura ba.

Ba a kawo wuta ba a daren, don haka ruwan suna a wurin 'yan ga-ruwa na saya, jarka 40, kowace a kan naira 150, kuma wanda ya kawo shi ne wanda na fi yi wa murmushi a lungu. Da na zauna na tara, ya kama naira 22,300, ban da wuƙar albasa, ban da siminti da kuɗin birkilan da na koma na kira da kaina. Ragon an yanka shi da safe, kuma ni aka ba riƙon ƙafafun baya, ya samu ya yi min sallama da shuri ɗaya a ƙauri. Tankin yana nan a kan dakalinsa, da tabo kamar na tiyata, ko gumi ba ya yi. Gwaggo ta cika arba'in ɗinta ta koma, kuma na ji labari a ƙauyensu yanzu ba a kiran jaririn da sunan yanka, sai Maitulu.

Na ɗauka maganar ta tsaya a unguwa. Bayan mako uku, ina aji ina koyar da yadda ake lissafin abin da mazubi mai siffar ganga yake ci, na zana tanki a allo, na ba da tsawo da faɗi, na ce a nemo min lita nawa zai ɗauka. Aji ya yi tsit. Can daga layin baya wani yaro ya ɗaga hannu, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malam, da mutum a ciki ko babu?"